Tumaki sun aske mani shinkafa, za ta tashi ko in sake dashe?

Wani ƙanena daga wajen Suru ya turo tambaya, ya ce tumaki sun faɗa mashi gona cikin dare sun aske shinkafar da ya dasa sati 2 da sunka wuce, abin da ya rage bai fi yatsa 4 daga ƙasa ba. Tsohonshi ya ce ya ƙyale ta za ta tashi, shi kuma hankalinshi bai kwanta ba don bara awaki sun yi ma wakenshi irin wanga aski tun yana ɗan ganye biyu kuma ko ɗaya bai tashi ba. Yana son ya san mi ya raba wake da shinkafa, kuma wai ta ina ma shuka ke girma.

To ƙanena, da farko Allah ya mayar da alheri. Na biyu Baba ya yi gaskiya, kada ka tuge ta. Amma tunda ka tambayi dalili sai ka yi haƙuri da ni don amsar na da tsawo, shekaru na yi ina koyar da wanga darasi kuma har yau in anka taɓo shi ban iya taƙaitawa.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaukar shuka kamar yaro, wai ko'ina a jikinta girma yake yi lokaci guda, hannu na girma ƙafa na girma. Ba haka ba ne. Ka buga ƙusa jikin darbejiya daidai ƙirjinka ka dawo bayan shekara 10, iccen ya yi sama ya wuce rufin ɗaki amma ƙusar na nan daidai ƙirjinka, iyaka ka tarar icce ya yi kauri ya fara haɗiye ta. Shuka na da wasu 'yan wurare ƙanana ƙwarai inda ake ƙera sabon jiki, sauran jikin duk ginin da anka gama ne. Masana na ce ma wurin meristam, ni kuwa a aji nakan ce masu idon girma, don duk wanda ya taɓa dasa rake ya san ba kowane guntu ke tsira ba sai mai ido.

Jikin shuka gaba ɗaya ƙwayoyin halitta ne, abin da 'yan makaranta ke kira sel, an jera su kamar bulo a gini. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robat Huk shi ya fara ganinsu a 1665 da ya yanka ɓawon icce siriri ya duba da madubin ƙara girma, sai ya ga 'yan ɗakuna jere. Mu nan ba mu buƙatar zuwa nesa, albasar Aliero ta ishe mu. Ka ɓare albasa, wagga 'yar fata mai shara-shara da ke manne cikin kowane ɓawo, ka shimfiɗa ta kan gilashi da ɗigon ruwa ka sa a madubin lab, wallahi ranar farko da yara ke gani sai ka ji aji ya ɗauki salati, ga bulo nan layi-layi kamar katangar da gwanin magini ya ɗora. Kowace ƙwaya na da bango mai ƙarfi da anka saƙa da wani zare da ake ce ma selulos, kuma zaren ba baƙo ba ne gare mu, shi ne auduga. Abin da ma zai ba ka mamaki, kowane silin auduga ɗaya da kake gani a buhu a kasuwar Gusau ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak da ta yi ta miƙewa daga jikin gurya har ta kai santimita 2 zuwa 3.

Girma aiki biyu ne, kuma mutane na haɗa su alhali kowane da abin da yake ci.

Na farko rabuwa. A cikin idon girma ƙwayoyin ƙanana ne, bangonsu siriri, cikinsu cunkushe, ba su da wani aiki sai ɗaya ta zama biyu. Kafin ta rabu sai ta kwafe kundin gadonta kaf, wato DNA, wanda ke ɗaure cikin wasu ƙunshi, shinkafa na da 24 albasa na da 16, ta ja kofi ɗaya gefe guda ɗayan ma gefe guda, sannan ta gina sabuwar katanga a tsakiya daga ciki zuwa waje. Kamar dai gidan gado ne da 'yan'uwa biyu sunka raba sunka ja katanga a tsakar gida. A saiwar albasa wanga zagaye kan ɗauki wajen kwana guda sai a sake. Amma lura da kyau, in ka raba tsakar gida biyu filin bai ƙaru ba ko da taku ɗaya. Rabuwa na ƙara yawan ƙwayoyi ne, tsawon da ido ke gani ba daga nan yake zuwa ba sai kaɗan.

Tsawon daga aiki na biyu yake, kumbura, kuma nan ne abin ke da daɗi. Ƙwayar da anka haifa in ta ɗan matsa baya daga idon girma sai ta fara tara gishirin fotash da sukari cikin wata jaka da ke cikinta kamar salka. Ka san yadda in ka barbaɗa ma yankakkiyar albasa ko kokwamba gishiri sai ka ga ruwa na tsattsafowa, to ruwa haka ɗabi'arshi take, inda gishiri ya fi yawa can yake bi. Sai ruwa ya yi ta shiga salkar tana cika tana tura bango, ƙarfin turin nan kan ninka iskar da ke cikin tayar mota sau biyu ko fiye, a cikin abin da ido bai iya gani. Tub ne cikin taya. In bangon ya ƙi sakin jiki ba inda za a je, don haka ƙwayar da kanta ke zuba ma bangonta ɗan tsami, wasu sinadarai su sassauta ɗaurin zaren, bango ya ɗan miƙe, ruwa ya ƙara shiga, ta yi maza ta shafa sabon zare daga ciki don kada bangon ya yi siriri ya fashe. Haka har ƙwayar ta ninka girmanta sau 10, sau 50, wasu fiye da haka, a ƙarshe salkar ruwan nan kan cinye kusan kashi 90 cikin 100 na cikin ɗakin.

Za ka ce to mi ya hana ta kumbura ta zama kamar ƙwallo. Saƙar zaren ce. A ƙwayoyin kara da saiwa zaren zagaye yake da ƙwayar kamar yadda ake ɗaure ganga da zoben ƙarfe, ba ta iya buɗewa gefe sai dai ta yi tsawo. Shi ya sa kara ke tafiya sama siriri.

Wanga bayani shi ke warware maka abubuwan da ka saba gani a fadama. Ranar da injin ban ruwa ya lalace ko mai ya yanke, kafin ganye ya canza launi, kafin ma ya naɗe kamar tabarma da tsakar rana, girma ya riga ya tsaya, don kumburar ƙwaya ita ce abu na farko da ƙishirwa ke taɓawa. Kuma ƙwayar da lokacin kumburarta ya wuce cikin ƙishi, bangonta ya riga ya yi tauri, ko ka kawo mata Gulbin Rima daga baya ba ta ƙara miƙewa, ganyen da ya fito gajere haka zai mutu gajere, sai dai na bayanshi su fito da kyau. Haka in ka jibga ma shuka yuriya a gindi ƙasa na bushe ka ga ta ƙone, ba wuta ba ce, gishirin waje ne ya fi na cikin saiwa sai ruwa ya juya baya yana fita. Ina yawan faɗa ma masu noman rani, taki ba ya tura shuka sama, kayan gini ne, naitirojin da fosfaras da su ake haɗa kundin gado da naman sabbin ƙwayoyi, sukarin da ganye ke dafawa da hasken rana da iska da ruwa shi ke zama zaren bango, amma mai turawar ruwa ne. Sanyin hunturu kuma rabuwar yake rage ma gudu, shi ya sa irin da anka zuba cikin Disamba ke zaune wuri ɗaya ya yi rawaya kamar an yi mashi baki.

Yanzu mu dawo kan tumakinka. Tambayar ita ce ina idon girma yake zaune.

A wake, da kuɓewa, da tumatir, da zogale, babban idon na can ƙololuwa, a tsinin kai. Sannan a hammatar kowane ganye, inda ya haɗu da kara, akwai wani ɗan ido da ke barci. Wake in ya tsiro yakan ɗago ɓarin ƙwayarshi biyu sama da ƙasa, kuma daga nan zuwa saiwa babu ido ko ɗaya. Akuya in ta kai baki ta guntule ƙasa da wurin nan ta tafi da idanun duka, abin da ya rage sanda ce kawai, za ta yi kwanaki tana kore ta bushe. Abin da ya sami wakenka na bara kenan. Da ya ɗan girma ya yi gaɓa 3 ko 4 ta ci sama ta bar ƙasa, da ya yi reshe.

Shinkafa kuwa da gero da dawa da masara duk dangin ciyawa ne, kuma Allah ya yi su da wata dabara. Tun suna ƙanana idon girmansu na can ƙasa a gindi, daidai fuskar ƙasa ko ma ya ɗan nutse, bai kai kan allura girma ba, an naɗe shi cikin rigunan ganye. Abin da kake gani tsaye kana ce mashi kara a shinkafa mai sati 2 da dashe ba kara ba ne, gindin ganyaye ne sunka rungumi juna kamar yadda ake naɗe takarda. Kuma shi kanshi ganyen daga gindi yake girma, sabbin ƙwayoyi na ƙasa suna turo tsofaffi sama, bakin ganye shi ne wuri mafi tsufa, irin farcen mutum. Tumaki sun ci tsohon gini ne sun bar magina. Ka je gonar bayan kwana 2 ko 3 ka duƙa ka duba, za ka ga daga tsakiyar kowane kututture wani ganye kore shar ya leƙo ya wuce sauran, bakinshi a yanke da shaidar haƙori, shi ne wanda anka ci yana tsakar fitowa. Dalilin da ya sa ma masu dashe ke datse kan iri in ya yi tsawo kuma bai hana shi kamawa kenan.

Sai dai wagga kariya na da wa'adi, kuma nan nake son ka buɗe kunne. Wajen wata guda kafin shinkafa ta fidda kai, wato kusan wata 2 kafin yanka, idon girman nan ya kan daina haihuwar ganye ya rikiɗe ya zama ɗan jaririn kai, abin da muke ce ma ta ɗauki ciki. Daga nan gaɓoɓin da ke dunƙule a gindi su fara miƙewa, don saman kowace gaɓa akwai wani zoben ƙwayoyi masu rabuwa da kumbura, su ɗaga jaririn sama cikin kara. In dabba ta shiga a wanga lokaci ta ci har ƙasa da inda yake, wannan karan ya tashi aiki, ba shi da wani kai na biyu, sai dai ɗiyan gefe su taso a makare su ba ka abin da ya samu. Aski ɗaya ne, na sati 2 da dashe jinkiri ne, na bayan ciki asara ce. Tsutsar kara ma abin da take yi kenan, ta huda ta shiga ta yanke ta ciki, sai ka ga ganyen tsakiya ya bushe ka ja shi ya zare ba wuya, ko kai ya fito fari fat ba ƙwaya.

Akwai kuma wasu sinadarai masu ba da umarni, don ƙwayoyin ba gaban kansu suke yi ba. Ɗaya sunanshi oksin, ana haɗa shi a tsinin shuka yana gangarowa ƙasa. Wani masani ɗan Ingila mai suna Dawin da ɗanshi ne sunka fara hango labarinshi a 1880, sunka lura in an sa ma tsinin ɗan tsiron ciyawa hula ba ya karkata wajen haske, alhali lanƙwasar ƙasa da tsinin take faruwa, wato akwai saƙon da ke sauka. Ƙwayoyin shuka manne suke da juna ba mai iya tashi daga wurinta, don haka in shuka za ta juya sai dai ɓangare ɗaya ya fi ɗayan miƙewa. Ka tuna dawar da iskar farkon damina ta kwantar, bayan kwanaki ka tarar ta yi gwiwa a gaɓa ta ɗaga kai sama, ƙwayoyin gefen da ke kallon ƙasa ne sunka fi na sama kumbura. Shi oksin ɗin ne kuma ke danne idanun hammata su yi ta barci, shi ya sa iyayenmu mata ke karye kan zogale, mai dannewa ya tafi sai rassa su ɓarke. Maganin ciyawar nan 2,4-D da kuke fesa ma shinkafa oksin ne na kamfani, an ba mai faɗin ganye umarnin girma fiye da kima sai ya murɗe ya karkace ya kumbura ya mutu, dangin ciyawa kuma na iya jure shi, ko da yake ita ma shinkafar in ka fesa tana jaririya ko tana da ciki za ka gani a jikinta.

Na biyu jibarelin, shi kuma a jikin shinkafa ma anka gano shi. Manoman Jafan na da wata cuta da suke kira wawan tsiro, shinkafa ta yi ta zuwa sama siririya fara-fara ta wuce 'yan'uwanta ta faɗi ba ƙwaya. A 1926 wani masani Kurosawa ya nuna wani naman gwari ne ke zubo sinadarin da ke sa ta wanga hauka, daga baya anka gane ita shukar da kanta na haɗa irinshi daidai buƙata don miƙa gaɓoɓi. Shinkafar zamani gajera irin su IR8 da anka fitar a ƙasar Filifin a 1966, sirrinta kenan, jibarelin ɗinta kaɗan ne, gaɓoɓi gajeru, ta sha taki ba ta kwanta ba. Tsohuwar shinkafar tudu da fadama doguwa in ka cika mata yuriya sai ƙwayoyin su yi tsawo bangonsu bai yi kauri ba, iska ɗaya ta shimfiɗe.

Amma kada a raina ta gargajiya, mu mutanen bakin gulbi mun san ranarta. Irin shinkafar nan mai bin ruwa da kakanninmu ke shukawa a fadamun Argungu da wajen Yauri, in ambaliya ta taso ta rufe ta, wata iska da jikinta ke fitarwa mai suna etilin sai ta rasa hanyar fita ta taru a ciki, taruwar ita ce ƙararrawa, jibarelin ya tashi, zoben da ke saman gaɓoɓi su kama rabuwa da kumbura ba ji ba gani. Irin wagga shinkafa an auna tana ƙara santimita 20 zuwa 25 a kwana guda, kusan taƙi ɗaya, don dai ta riƙe hancinta saman ruwa. Su kuma FARO 66 da FARO 67 da anka fitar a 2017 dabararsu akasin haka ce, in ruwa ya rufe su sai su yi lamo su hana kansu miƙewa su adana abincinsu har wajen sati 2, ruwa ya janye su ci gaba. Wadda ta dace da kai ya danganta da irin ruwan gonarka, mai zuwa ya zauna wata da watanni ne ko mai wucewa. Wanda ya ga abin da ruwan 2020 ya yi mana a Kebbi ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Kaurin icce kuma wani ido ne daban, shimfiɗe yake siriri tsakanin ɓawo da itace, wanga wuri mai santsi da danshi da kake ji in ka ɓare ɓawon ɗanyen reshe. Masu auren mangwaro shi suke haɗawa, in bai sadu da ɗan'uwanshi ba auren bai ɗauruwa. Shinkafa da dawa ba su da shi.

Abin da za ka yi yanzu. Ka tuge gindi 3 ko 4 daga wurare daban-daban cikin inda anka ci, ka wanke, ka sa sabuwar reza ka tsaga kara mafi kauri a tsaye tun daga saiwa. In ka ga gaɓoɓi dunƙule a ƙasa, samansu fari tas ba ruɓa ba wari, lafiya lau. In da ciki ya fara da za ka ga wani ɗan abu fari mai gashi-gashi kamar ɗigon auduga zaune kan gaɓar sama, a sati 2 ban sa ran ka gan shi ba sai in irin ya tsufa ƙwarai a gadon reno kafin dashe. Ruwa kuma ka rage shi, ya jiƙa ƙasa ya ɗan kwanta amma kada ya haye kan kututturan, ta cikin ganye iska ke sauka zuwa saiwa, in ka nutsar da yankakken baki ruɓewa zai yi. Kada ka yi gaggawar watsa yuriya yau, yanzu da ɗan abincin da ta ajiye a gindi take aiki kuma ba ta da ganyen da za ta dafa sabo, ka bari kamar kwana 5 zuwa sati sabon ganye ya buɗe sannan ka ba ta kaɗan. Ciyawa ce abin tsoro cikin kwanakin nan don inuwar da ke danne ta ta tafi, ka bi ta da hannu. Inda kofato ya tattake ko sunka tuge gaba ɗaya nan ne asarar gaske, ka cike gurbin da ragowar iri in kana da shi, in babu ka raba manyan gindi daga gefen da ba su taɓa ba. Ka sa rai wanga ɓangare zai nuna bayan sauran da 'yan kwanaki, don haka in lokacin yanka ya zo ka fara da inda tumakin ba su kai ba. Shingen nan na gefen hanya kuma a gyara shi kafin ta ɗauki ciki.